Zara ta ƙone, Mars ta daskare: yadda duniyarmu ta riƙe ruwanta

Ranar 3 ga Oktoba, 1962, wani manomi yana cikin gonarsa kusa da dutsen Zagami a lardin Katsina, sai ya ji wata ƙara mai tada hankali, wani abu ya soke ƙasa 'yan taku kaɗan daga inda yake tsaye. Da aka tono, sai ga dutse mai nauyin kilo 18, bayansa ya ƙone ya yi baƙi, cikinsa ruwan toka. Aka kai shi ofishin binciken ma'adinai da ke Kaduna, ya zauna can shekara da shekaru.

Tun shekarun 1980 masana ke kyautata zaton cewa wannan dutse da wasu 'yan uwansa daga duniyar Mars suka taso. Hujja mai ƙarfi ta fito a 1995, lokacin da aka binciki wasu 'yan ƙwayoyin gilas da ke cikinsa, wato wuraren da dutsen ya narke a daidai lokacin da wani babban karo ya fizge shi daga mahaifarsa. An tarar da iska a ɗaure cikin gilas ɗin, kuma sinadaranta sun yi daidai da abin da kumbuna biyu na Amurka masu suna Viking suka auna bayan saukarsu a Mars a 1976. Ashe abin da ya faɗo a gonar nan ɓallin wata duniya ne, har da 'yar guzurin iskarta. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun sami nasu: wani dutsen Mars mai kilo 24 da 'yan kai da aka tsinta a jihar Agadas a 2023, wanda aka yi gwanjonsa a New York a watan Yulin 2025 a kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita daga ƙasar.

Iskar da ke cikin dutsen Zagami ragowar iska ce ta duniyar da ta tsiyace. Akwai lokacin da Mars take da koguna da tafkuna. Yau babu ko ɗaya. A ɗaya gefen namu kuma ga Zara matar wata, wadda idan ta fito da asuba muke ce mata Gamzaki, Turawa kuma Venus. Girmanta kusan ɗaya da na duniyarmu, amma doron ƙasarta na da tsananin zafi. Su ukun nan uwa ɗaya ta haife su: daga ƙura da iskar da suka kewaye rana suka dunƙule, kimanin shekara biliyan 4.5 da suka wuce, da kusan kayan haɗi iri ɗaya. To me ya raba su?

Nisa kaɗai ba ya isa

Amsar da aka fi ji ita ce nisa daga rana. Duk rayuwar da muka sani tana buƙatar ruwa mai gudana, domin a cikinsa sinadarai ke narkewa, su haɗu, su rabu. In duniya ta matsa kusa da tauraronta, ruwan ya ƙafe. In ta yi nisa, ya zama ƙanƙara. Tsakanin nan akwai wani zobe da masana ke kira yankin da za a iya rayuwa. Masanin taurari Su-Shu Huang ya yi rubutu a kansa a 1959, sannan James Kasting da abokan aikinsa suka shata iyakokinsa da lissafi a 1993. Zara na nisan kilomita miliyan 108 daga rana, mu muna miliyan 150, Mars na miliyan 228.

Sai dai ga wata nan a samanmu. Nisansa daga rana ɗaya ne da namu, amma da rana zafinsa ya haura digiri 100, da dare kuma sanyinsa ya zarce digiri 130 ƙasa da sifiri, ba iska, ba kogi. Ita ma Mars, bisa lissafin da aka sabunta a 2013, tana cikin zoben, ta wajen bakinsa na waje. Don haka duk lokacin da kanun labarai suka ce an gano wata duniya irin tamu, ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan. Galibi abin da aka auna bai wuce girmanta da nisanta daga tauraronta ba. Da wani zai hango mu daga nesa da irin waɗannan na'urori, zai iya rubuta cewa ya gano duniyoyi biyu ko uku masu kyau a kewayen rana, alhali guda ɗaya ce tak ke da ko ciyawa.

Lissafi ya nuna cewa da hasken rana kaɗai muka dogara, matsakaicin yanayin duniya zai tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifiri. Abin da muke da shi kuwa wajen 15 ne sama da sifiri. Wannan tazara ta digiri 33 aikin lulluɓin iska ne, musamman tururin ruwa da iskar kabon, masu barin haske ya shigo amma su tare wani kaso na zafin da ke neman fita. Labarin 'yan uwan nan uku labari ne na yadda kowace ta yi da iskar kabon ɗinta da ruwanta.

Zara tana samun hasken rana kusan ninki biyu na namu. A irin wannan zafi ruwa yakan tashi ya zama tururi, tururin ya ƙara tare zafi, zafin ya ƙara tada wani tururin, abu ya yi ta ruruwa ba mai tsayar da shi. Da tururin ya hau can ƙololuwar sama, hasken rana mai ƙuna ya farfasa shi, haidurojin da ke cikinsa, da yake ba shi da nauyi, ya sulale sararin samaniya ba dawowa. Kumbon Pioneer Venus da ya isa can a 1978 ya samo shaidar wannan asara: nau'in haidurojin mai nauyi, wanda ba ya saurin tserewa, ya taru a iskar Zara fiye da ninki ɗari na yadda yake a tekunanmu. Masana sun rabu kan ko Zara ta taɓa yin teku ko kuwa tun farko ruwanta bai sami damar sauka ba, amma sun haɗu a kan cewa ta yi asarar ruwa mai yawa. Yau kashi 96 cikin ɗari na iskarta kabon ce, zafin ƙasarta wajen digiri 465, wanda ya isa ya narkar da dalma, nauyin iskar kuma ya ninka namu sau 90 da ɗoriya. Kumbon Tarayyar Sobiyet mai suna Venera 13 ya sauka can a watan Maris na 1982, ya aiko da hotunan wani fili mai fala-falan duwatsu a ƙarƙashin sama mai ruwan goro, ya yi minti 127 yana aiki, sannan ya yi shiru.

Mu abin da ya tsare mu daga wannan hanya har da wani tarko na sanyi. Kilomita goma sha wani abu a saman kanmu iska takan yi sanyi ƙwarai, duk tururin da ya kai nan sai ya daskare ya juyo ƙasa. Kaɗan ne ke tsallakewa zuwa inda hasken rana zai farfasa shi.

Matsalar Mars kuwa ƙanƙanta ce. Nauyinta kusan kashi ɗaya cikin goma ne na duniyarmu. Duk mai girki ta san ƙaramar tukunya ta riga babba hucewa, haka cikin Mars ya riga namu yin sanyi. A cikin duniyarmu akwai narkakken ƙarfe da ke juyawa, shi ke samar da ƙarfin maganaɗisun da ke karkatar da guguwar ɓurɓushin da rana ke fesowa. Na Mars ya mutu kimanin shekara biliyan 4 da suka wuce. Ga rashin garkuwa, ga ƙarancin nauyin da zai riƙe iska, ga duwatsu masu aman wuta da suka rage aiki, sai iskarta ta yi ta zurarewa. Kumbon MAVEN, da ya fara kewaya ta a 2014, ya auna yadda zurarewar ke ci gaba har yanzu. Abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin iskarmu ba, kuma a irin wannan hali ruwa ba ya iya kwanciya a fili: ko ya daskare ko ya tafasa ya bi iska. Ya kamata a faɗa cewa maganaɗisu ba shi ne komai ba, domin Zara ba ta da irin namu amma iskarta ta fi ta kowa kauri. Ƙanƙantar ce babban laifin.

Abin da ke sosa rai game da Mars shi ne ta fara da kyau. Motar bincike ta Curiosity ta sauka a ramin Gale a watan Agustan 2012, ba ta yi wata biyu ba ta ci karo da tsakuwa masu sulɓi, mulmulallu, a manne cikin dutse. Duk wanda ya taɓa ɗiban tsakuwa a gindin kogi da rani ya san iska ba ta mulmula dutse haka. Sai ruwa mai gudu ya daɗe yana gangara da shi. Daga girman tsakuwar masana suka ƙiyasta cewa zurfin ruwan ya kama daga idon sawu zuwa ƙugu. 'Yan watanni bayan nan motar ta huda wani dutsen laka, aka gano gindin tsohon tafki ne mai ruwan daɗi, wanda ƙananan halittu za su iya zama a ciki. Ko sun zauna ɗin, wannan ne ake nema har yanzu, kuma shi ya kai motar Perseverance bakin wani tsohon kogi a ramin Jezero a 2021.

Numfashin duwatsu

Samun ruwa, ga alama, ba shi ne abu mai wuya ba. Duwatsun da ke yawo a sararin samaniya suna ɗauke da shi a cikin ma'adinansu, har da kayan gina rai. A samfurin da kumbon OSIRIS-REx ya kawo daga dutsen Bennu a watan Satumban 2023 an sami 14 daga cikin sinadarai 20 da jikin mai rai ke gina furotin da su. Duniyarmu ma ba ta jima ba ta sami nata ruwan: wasu ƙananan ƙwayoyin ma'adinin zirkon da aka samo a tsaunukan Jack Hills na yammacin Ostareliya, masu shekara biliyan 4.4, suna ɗauke da alamar cewa akwai ruwa a doron ƙasa tun lokacin. Wuyar aikin ita ce riƙe ruwan yana gudana na tsawon shekara biliyan huɗu, alhali ita kanta rana ba a tsaye take ba.

A 1972 Carl Sagan da George Mullen suka jawo hankali ga wani abu mai ɗaure kai. Lokacin ƙuruciyar rana haskenta bai wuce kashi 70 cikin ɗari na yanzu ba. Da irin iskar yau, da duniya ta daskare gaba ɗaya a wancan zamani, amma duwatsu sun nuna akwai teku. Daga baya rana ta yi ta ƙara haske, tekun kuma bai tafasa ba. Dole akwai abin da ke daidaita lamarin. A 1981 James Walker da Paul Hays da Kasting suka bayyana shi, kuma a ganina babu wani bayani a wannan fanni da ya kai shi ban sha'awa, domin kayan aikinsa duk muna ganinsu da idonmu.

Ruwan sama yakan haɗiyi iskar kabon yana saukowa, ya zama mai ɗan tsami kaɗan. In ya sauka kan dutse irin Kufena ko Kwatarkwashi sai ya riƙa cin sa a hankali, ƙwaya-ƙwaya, ya kwashi sinadarin kalsiyam ya zuba a rafi, rafi ya kai kogi, kogi ya kai teku. A can ƙananan halittu su haɗa kalsiyam ɗin da kabon su yi ƙoƙon jikinsu. In sun mutu ƙoƙunan su kwanta a gindin teku, su taru, su danne juna, su zama farin dutsen nan da ake yin siminti da shi. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato haka ya samu, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, lokacin da wani reshen teku ya ratso ta inda Sahara take a yau. Wanda ya tsaya a bakin ramin haƙar yana kallon iskar wani tsohon zamani ce da aka ɗaure ta zama dutse. Kabon ɗin da duniyarmu ta ɓoye a irin waɗannan duwatsu ya yi kusan yawan wanda ke shawagi a saman Zara. Bambancin shi ne Zara ba ta da ruwan saman da zai sauko da nata.

Da ɗaurewa kawai ake yi, da iskar kabon ta ƙare duniya ta daskare. Amma ɓawon duniyarmu tsattsage yake, ya rabu zuwa manyan faifai masu motsi 'yan santimita kaɗan a shekara. Inda wani faifai ya nutse ƙarƙashin wani, sai ya tafi da duwatsun gindin teku zuwa cikin zafi, kabon ɗin ya kuɓuta, ya dawo sama ta bakin duwatsu masu aman wuta. Wannan numfashi ba ya da sauƙi a kan wanda ya tsaya kusa da shi. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin Nyos na Kamaru, wanda ke zaune a bakin tsohon dutse mai aman wuta, ya saki iskar kabon da ta daɗe tana taruwa a gindinsa, ta gangara ƙauyuka ta shaƙe mutum fiye da 1,700 da dubban shanu. Iskar da ta yi wannan ɓarna ita ce dai wadda, a warwatse cikin sama, ke hana teku daskarewa.

Ga inda daidaiton yake. In duniya ta yi zafi, ruwan sama ya ƙaru, cin duwatsu ya yi sauri, kabon ya ragu a sama, sai a huce. In ta yi sanyi, ruwan sama ya ja baya, cin duwatsu ya lafa, amma aman wuta bai fasa ba, kabon ya taru, sai a ɗumama. An taɓa gwada wannan tsari gwaji mai tsanani. Tsakanin shekara miliyan 720 zuwa 635 da suka wuce, sau biyu ƙanƙara ta rufe duniya har zuwa yankunan da suke tsakiyarta. Paul Hoffman da abokan aikinsa sun nuna shaidar a duwatsun Namibiya a 1998: tarkacen da ƙanƙara ta jawo, kuma a kansa kai tsaye, ba tazara, shimfiɗar farin dutsen da ke samuwa a ruwa mai ɗumi. Duwatsu masu aman wuta sun yi shekaru miliyoyi suna tara kabon a saman duniyar da ba ruwan sama, har zafi ya kai ya fasa ƙanƙarar.

Kada wannan ya sa wani ya saki jiki game da ɗumamar yanayi ta zamaninmu. Tsarin yana aiki ne a ma'aunin shekaru dubu ɗaruruwa. Mu kuwa cikin ƙarni biyu da 'yan kai mun ɗaga iskar kabon daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420, kuma abin da muke fitarwa a shekara ya ninka na dukkan duwatsu masu aman wuta aƙalla sau 60. Duwatsu za su shanye shi, amma ba a zamanin jikokin jikokinmu ba.

Wata ma yana da hannu. Ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne ya samu ne daga tarkacen wani karo tsakanin jaririyar duniya da wata mai girman Mars. Jan da yake yi mana yana taimakawa wajen tsayar da karkatar duniya, wadda ke kai-komo tsakanin digiri 22.1 da 24.5 kawai cikin shekara 41,000, alhali ta Mars takan yi lilo da digiri gommai. Jacques Laskar na Faransa ya nuna haka a 1993, ko da yake lissafin da ya biyo baya ya rage wa watan girman rawar da aka ba shi. Mu a nan mun san abin da ɗan ƙaramin sauyi ke iya yi. 'Yar layin da duniya ke yi a juyawarta ta ƙara wa damina ƙarfi tsakanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, Sahara ta yi kore, tafkin Chadi ya kai faɗin murabba'in kilomita wajen 350,000. Raƙuman dawan da aka sassaƙa a dutsen Dabous na ƙasar Azbin, da kwalekwalen Dufuna mai shekara kusan 8,000 da aka gano a Yobe a 1987, duk na wancan zamani ne. Da layin ya juya, ruwan ya janye, kuma busasshen gindin tafkin a Bodele shi ke ba mu kaso mai yawa na ƙurar hunturu.

Rai da kansa ma'aikaci ne

Iskar da muke shaƙa ba da ita aka haifi duniya ba. Akwai alamun ƙananan halittu a duwatsun Pilbara na Ostareliya masu shekara kusan biliyan 3.5, amma oksijin bai fara taruwa a sama ba sai wajen shekara biliyan 2.4 da suka wuce. Wasu ƙwayoyin halitta masu launin shuɗi-kore ne suka koyi fasa ruwa da hasken rana, suna zubar da oksijin a matsayin shara. Da farko ƙarfen da ke narke a teku ya riƙa shanye shi yana yin tsatsa yana kwanciya, kuma daga waɗannan jajayen shimfiɗu ake haƙar mafi yawan ƙarfen duniya a yau. Ga yawancin halittun wancan lokaci oksijin guba ne. Amma shi ya samar da rufin ozon mai tare hasken da ke ƙona fata, wanda daga baya ya ba tsirrai damar hawowa tudu wajen shekara miliyan 470 da suka wuce. Yanzu kashi 21 cikin ɗari na iskarmu oksijin ne, kuma da tsirrai za su daina aiki, da sannu a hankali zai ƙare.

Wannan yana da muhimmanci ga masu neman rai a wasu taurari. Fiye da shekara biliyan ɗaya a tarihin duniyarmu akwai rai a cikinta amma babu oksijin da za a hango daga nesa.

Neman kuwa ya yi nisa. Michel Mayor da Didier Queloz na Suwizalan suka gano duniya ta farko da ke kewaya tauraro irin rana a 1995, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2019. Zuwa 2025 adadin da hukumar NASA ta tabbatar ya haura 6,000. Mafi kusa da mu tana kewaya Proxima Centauri, tafiyar haske ta shekara 4.2, an gano ta a 2016, kuma shekararta kwana 11 ce. A 2017 tawagar Michaël Gillon na jami'ar Liège ta Beljiyam ta sanar da duniyoyi bakwai masu girman tamu a kewayen tauraron TRAPPIST-1, uku daga ciki a cikin zoben ruwa.

Duka biyun jajayen ƙananan taurari ne, irin da suka kai kusan kashi uku cikin huɗu na taurarin da ke kewaye da mu. Haskensu kaɗan ne, don haka sai duniya ta matso ƙwarai kafin ta ji ɗumi, kuma matsowar tana da tsada. Irin waɗannan taurari suna yawan fesa wuta mai kankare iska, kuma duniyar da ta yi kusa haka takan kafe da fuska ɗaya ga tauraronta, gefe guda rana ba faɗuwa, ɗaya gefen dare ba wayewa. Na'urar hangen nesa ta James Webb, da aka harba ranar 25 ga Disamba, 2021, ta auna zafin biyu mafi kusa da TRAPPIST-1 a 2023, ba ta sami alamar iska mai kauri a kansu ba. Tambayar da aka yi wa Mars ita ake yi wa sauran: sun iya riƙe abin da aka ba su?

Akwai kuma wuraren da ba ruwansu da zoben kwata-kwata. A 1977 jirgin nutso mai suna Alvin ya tarar da halittu cunkushe a bakin maɓuɓɓugan ruwan zafi a gindin teku kusa da tsibiran Galapagos, inda hasken rana bai taɓa kaiwa ba, suna rayuwa da sinadaran da ke fitowa daga cikin ƙasa. Wannan ya sa aka sake duban wasu watanni masu ƙanƙara. Europa, ɗaya daga watannin Jupita, yana da teku a ƙarƙashin ɓawon ƙanƙararsa, wanda matsar da Jupita ke yi masa ke ɗumamawa, kuma ana ƙiyasin ruwansa ya ninka na dukkan tekunanmu wajen sau biyu. A 2005 kumbon Cassini ya ga ruwa yana tsartuwa daga kudancin Enceladus, wani ƙaramin watan Saturn mai faɗin kilomita 500, daga baya ya ratsa ta cikin feshin, aka sami gishiri da haidurojin, sannan a 2023 aka tabbatar da fosfaras, wanda ba a gina ƙwayar halitta sai da shi. Kumbon Europa Clipper ya tashi a watan Oktoban 2024, zai isa Jupita a 2030, kuma an tsara ya gifta kusa da Europa kusan sau 50, yana auna kaurin ƙanƙarar da abin da ke narke a ruwan da ke ƙarƙashinta.